Ɗan Kaso a Bakin Hanya: Tarihin Gudu da Amana a Ƙasar Manga

Wanda ya taso daga Fulatari, cikin gundumar Maine Sorowa, ya yi kudu har bakin Komadugu Yobe, zai tarar da kogin da a wasu wurare da rani ake ƙetare shi da ƙafa. Tun bayan yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1904 da 1906, ƙarshen wannan kogi ya zama iyaka tsakanin ƙasar kumandan da ƙasar Borno. A nan ne tambayarmu ta fi fitowa fili: ɗan kason da aka fitar da shi aiki waje, ba katanga, ba ƙofa, in ya kama gabansa, wane laifi ya yi?

A zamanin mulkin mallaka gidan kaso rumbun ƙwadago ne. Dokar nan ta indijena, wadda aka shimfiɗa wa Afirka ta Yamma ta Faransa a 1904, ta bai wa kumandan ikon kulle talaka har kwana 15, ba tare da an gurfanar da shi gaban alƙali ba. Jinkirin biyan haraji ko ƙin amsa kira sun isa. A barikoki irin na Ngigmi da Maine Sorowa, kamar sauran barikokin yankin, ƴan kaso ne ke ɗebo ruwa da itace, su share fili, su gyara hanya, ɗan gadi na biye da su. Shi ya sa mafi yawan gudu a wurin aiki ake yin sa. Jama'a kuwa ba su ɗauki magujin a matsayin ɓarawo ba, domin shi da wanda ya guje wa haraji ko aikin tilas hanya ɗaya suke bi, su ƙetara zuwa Borno.

Shekarar 1946 ta sauya al'amura. An soke indijena. Dokar 11 ga Afrilu, mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, ta haramta aikin tilas. Dokar 30 ga Afrilu kuma ta ɗora kowa bisa kundin hukunta laifuka na Faransa. Sai dai aikin ƴan kaso bai shiga cikin haramcin ba. Yarjejeniya ta 29 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1930, ta keɓe aikin wanda kotu ta yanke wa hukunci, muddin hukuma ce ke sa ido, kuma ba a ba da shi haya ga wani mai zaman kansa ba.

To me kundin Faransa ya ce game da gudu? Kundin 1810 bai hukunta ɗan kaso ba sai in ya fasa gidan yari ko ya yi amfani da ƙarfi. Hujjar masana shari'a ita ce son ƴanci ɗabi'ar ɗan Adam ce, tsare shi kuwa aikin mai gadi ne. Har yau Jamus na kan wannan ra'ayi: gudun kansa ba laifi ba ne, sai dai ɓarnar da aka yi wajen gudun. Amma da Faransa ta buɗe ƙofar aiki waje da izinin fita, sai ta yi wa masu wannan gata hukunci na dabam. Kundin da ya fara aiki a 1994 ya ɗauki wanda aka fitar bisa izini, ya ƙi komowa kan lokaci, a matsayin maguji, alhali wanda ya sulale daga cikin gida ba tare da fasa kome ba bai shiga hannun dokar ba sai a 2004. Ma'ana, abin da ake hukuntawa cin amana ne. Katangar ɗan kason da ke waje alkawarinsa ce.

Nijar ta gaji wannan gini a kundinta na 15 ga Yuli 1961, ta kuma yi sababbin dokoki a 2017 kan tsarin gidajen kaso da kan aikin amfanin jama'a a madadin ɗauri. A jihar Difa, inda mayaƙan Boko Haram suka kai wa gidan kaso hari cikin Fabrairu 2015, kalmar gudu takan tuna wa mutane bindiga. Bai kamata wannan tsoro ya sa a haɗa mai fasa ƙofa da makami da wanda ya makara komowa daga gona ba.

Darasin tarihi shi ne, hukuncin cin amana ba ya zama adalci sai inda aka ba da amanar tun farko: aikin da ɗan kaso ya yarda da shi, ya san sharaɗinsa da harshen da yake ji, Barbarci ko Fulatanci ko Hausa, ya kuma koyi sana'a a cikinsa. Inda aikin ya zama wahalar banza, iyayenmu sun riga sun faɗa: gudun da babu laifi a cikinsa, gudun ceton rai. Malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su ne suka fi cancanta su koya wa yara wannan bambanci, don ɗan kason da ya cika alkawari ya tarar da gari ya buɗe masa ƙofa.