Tarihin Manyan Fina-finan Duniya

Manyan fina-finan duniya su ne waɗanda ake ci gaba da kallo bayan zamanin da aka yi su ya shuɗe, makarantun koyon fim suna karantar da su, daraktoci kuma suna komawa gare su don ɗaukar darasi. Akwai na barkwanci a cikinsu, akwai na yaƙi, na soyayya, na ban tsoro, na kaboyi, na waƙa da rawa, har da na katun. Babu wata hukuma da ke naɗa su. Kafin fim ya kai wannan matsayi sai ya tsira daga lalacewa, ya samu masu sake nuna shi, sannan manazarta da masu sana'ar su yi ta ambatonsa shekara da shekaru. Da yawansu ba su yi kasuwa ba lokacin da suka fito.

Zamanin fim marar magana

An fi ɗaukar ranar 28 ga Disamba 1895 a matsayin mafarin silima, ranar da wa da ƙani, Auguste da Louis Lumière, suka nuna gajerun fina-finai ga mutanen da suka biya kuɗin shiga a Grand Café da ke Paris. Abin da aka gani bai wuce ma'aikata suna fitowa daga masana'anta da makamantansa ba. Georges Méliès, wanda asalinsa mai wasan rufa-ido ne, yana cikin waɗanda suka fara gane cewa kyamara tana iya ƙirƙirar abin da babu shi, kuma a 1902 ya yi Le Voyage dans la Lune, labarin tafiya duniyar wata. Shekara guda bayan haka Edwin S. Porter ya fitar da The Great Train Robbery a Amurka, fim na kusan minti 12 da ake ɗauka kakan fina-finan kaboyi.

The Birth of a Nation na D. W. Griffith, 1915, har yau yana damun masu tarihin fim. Ya nuna yadda za a riƙe mai kallo kusan awa uku ta hanyar sarƙa fitowa da fitowa, amma labarinsa cin zarafin baƙar fata ne da ɗaukaka ƙungiyar Ku Klux Klan, kuma ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP ta yi ta fafutukar a hana nuna shi. Ana karantar da shi saboda dabarunsa, ba don ana girmama shi ba.

A shekarun 1920 ne fim marar magana ya nuna iyakar ƙarfinsa. Jamus ta ba da The Cabinet of Dr. Caligari a 1920, da Nosferatu na F. W. Murnau a 1922, da Metropolis na Fritz Lang a 1927, waɗanda fina-finan ban tsoro da na ƙirƙirar kimiyya suka tsiro daga jikinsu. A Tarayyar Sobiyet, Sergei Eisenstein ya yi Battleship Potemkin a 1925, inda fitowar kisan gilla a kan matakalar Odessa ta zama darasin farko ga duk mai koyon tace fim: ma'ana tana fitowa ne daga haɗa hoto da hoto. A Amurka kuwa barkwanci ne ya yi sarauta. Charlie Chaplin ya yi The Gold Rush a 1925, Buster Keaton ya yi The General a 1926, wanda a cikinsa aka rufta da jirgin ƙasa na gaske daga kan gada zuwa cikin kogi. Fim ɗin Keaton bai mayar da kuɗinsa yadda ake so ba, amma yanzu da wuya a lissafa manyan fina-finan barkwanci ba a sa shi ba.

Abin da ya rage daga wannan zamani kaɗan ne. Zaren fim na lokacin da sinadarin naitaret ake yin sa, mai saurin kamawa da wuta, mai ruɓewa in ya daɗe a ajiye. Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka marasa magana sun ɓace baki ɗaya. Waɗanda suka tsira ma sau da yawa sa'a ce. Kotun Jamus ta ba da umarnin a lalata duk kwafin Nosferatu bayan matar marubucin Dracula, littafin da aka ɗauko labarin daga ciki, ta kai ƙara, amma wasu kwafin sun riga sun bar ƙasar. Cikakken kwafin The Passion of Joan of Arc na Carl Dreyer, 1928, a wani asibitin masu taɓin hankali da ke kusa da Oslo aka tsince shi a 1981. Sassan Metropolis da aka yanke sai a 2008 suka bayyana a Buenos Aires. Ke nan jerin manyan fina-finan wancan zamani jerin waɗanda wuta da ruɓewa suka ƙyale ne.

Magana, launi da ƙarfin Hollywood

The Jazz Singer na 1927 ya buɗe ƙofar fim mai magana, aka kuma fara ba da kyautar Oscar a 1929. Chaplin ya ƙi sakin tsohon salo, ya yi City Lights a 1931 da Modern Times a 1936 kusan babu magana, kuma duka biyun sun fi yawancin masu maganar zamaninsu daɗewa. Kamfanin Walt Disney ya fitar da Snow White and the Seven Dwarfs a 1937. A 1939 kaɗai aka samu Gone with the Wind da The Wizard of Oz da Stagecoach na John Ford. Hattie McDaniel, wadda ta fito baiwa a Gone with the Wind, ita ce baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, amma a daren bikin tebur dabam aka ba ta, nesa da abokan aikinta.

Citizen Kane na 1941 ya cancanci a tsaya a kansa. Orson Welles yana da shekara 25 ya yi shi, kuma shi ne dogon fim ɗinsa na farko. Labarin wani attajiri ne mai jaridu wanda ya mutu, ɗan jarida ya bi mutanen da suka san shi, kowa ya ba da nasa ɓangaren, babu wanda ya ba da cikakken mutumin. Mai ɗaukar hoto Gregg Toland ya yi aikin ta yadda na kusa da na nesa duk suke fitowa tangaram a hoto ɗaya. Attajirin jaridu William Randolph Hearst ya ga da shi ake, jaridunsa suka ƙi tallata fim ɗin. Bai yi kasuwa ba, kuma cikin rukuni tara da aka sa shi takarar Oscar, na rubutun labari kawai ya ci. Darajarsa ta tashi ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da manazartan Faransa suka gan shi, talabijin a Amurka kuma ta riƙa maimaita shi. Casablanca na 1942 ta wata hanya ya bi: jama'a ne suka so shi tun farko, kuma da dama cikin 'yan wasansa 'yan gudun hijira ne na gaske daga Turai.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Yaƙi ya bar Italiya babu kuɗi babu ɗakunan shirya fim, sai daraktoci suka fita titi. Roberto Rossellini ya yi Rome, Open City a 1945. Vittorio De Sica ya yi Bicycle Thieves a 1948, labarin talakan da aka sace wa keken da aikinsa ya dogara a kai, yana yawon nemansa tare da ɗansa. Wanda ya fito uban ma'aikacin masana'anta ne, ba ɗan wasa ba. Wannan fim ya koya wa ƙasashe marasa ƙarfi cewa ana iya yin babban aiki ba tare da jarin Hollywood ba. Satyajit Ray na Indiya ya kalle shi a Landan a 1950, ya koma Kalkata ya fara Pather Panchali, wanda rashin kuɗi ya yi ta tsayar da shi har gwamnatin Bengal ta Yamma ta taimaka aka kammala a 1955.

Japan ta shigo idon duniya da Rashomon na Akira Kurosawa, wanda ya ci babbar kyautar bikin Venice a 1951. Mutum huɗu ne ke ba da labarin kisa ɗaya, kowa da nasa. Fim ɗinsa Seven Samurai na 1954 ya haifi 'ya'ya da yawa: Amurka ta mayar da shi kaboyi da sunan The Magnificent Seven a 1960, kuma ana ganin inuwarsa a Sholay na Indiya. Sergio Leone ya kwaikwayi Yojimbo na Kurosawa a A Fistful of Dollars na 1964 ba tare da izini ba, har magana ta kai ga shari'a. Tokyo Story na Yasujiro Ozu, 1953, babu takobi babu gudu. Tsofaffi ne suka ziyarci 'ya'yansu a birni suka tarar babu mai lokacinsu sai surukarsu da mijinta ya rasu. Mai kallo daga kowace ƙasa yana gane wannan gida.

A Faransa, ma'ajiyar fina-finai ta Cinémathèque da Henri Langlois ya kafa tare da abokansa a 1936, da mujallar Cahiers du cinéma da aka fara a 1951, sun tarbiyyantar da samarin da suka fara da sharhi suka koma yin fim: François Truffaut da The 400 Blows a 1959, Jean-Luc Godard da Breathless a 1960. Su ne suka dage cewa darakta shi ne mai fim kamar yadda marubuci yake mai littafi, su ne kuma suka ɗaga Alfred Hitchcock daga matsayin mai nishaɗantarwa zuwa na gwani. Hollywood ta ci gaba da nata: Singin' in the Rain a 1952, Psycho a 1960, 2001: A Space Odyssey na Stanley Kubrick a 1968, The Godfather na Francis Ford Coppola a 1972. Jaws na 1975 da Star Wars na 1977 sun sauya kasuwar, kamfanoni suka koma neman fim ɗaya mai kawo maƙudan kuɗi.

Indiya, Larabawa da Afirka

Indiya ta fara da Raja Harishchandra na Dadasaheb Phalke a 1913. Fim ɗinta mai magana na farko, Alam Ara na 1931, ya ɓace. Awaara na Raj Kapoor, 1951, ya samu karɓuwa har a Tarayyar Sobiyet. Mother India na Mehboob Khan, 1957, ya shiga takarar Oscar, sannan Mughal-e-Azam ya biyo a 1960. Sholay na Ramesh Sippy, 1975, ya shekara biyar ana nuna shi a silima ɗaya a Bombay. Irin waɗannan ne 'yan kasuwa Kwarori suka riƙa kawowa gidajen silima na Kano da sauran biranen Arewa tun shekarun 1950, tare da na kaboyi, daga baya kuma na Bruce Lee. Tasirinsu a waƙa da rawar fina-finan Hausa a bayyane yake. Manazartan Turai sun daɗe suna yi musu kallon raini, abin da ke nuna ƙarancin sanin manazartan fiye da ƙarancin fina-finan.

A Masar, Youssef Chahine ya yi Bab el Hadid a 1958. The Battle of Algiers na Gillo Pontecorvo, 1966, kan yaƙin neman 'yancin Aljeriya, ya ci kyautar Venice amma sai a 1971 aka nuna shi a gidajen silima na Faransa. The Message na Moustapha Akkad, 1976, kan farkon Musulunci, da Lion of the Desert kan Umar Mukhtar, ba sa shiga jerin manazarta, amma a ƙasashen Musulmi kaɗan ne fina-finan da aka fi su kallo.

Afirka ta makara ne saboda mulkin mallaka. Dokar Laval ta 1934 ta hana ɗaukar fim a yankunan da Faransa ke mulka sai da izinin hukuma. Ousmane Sembène na Senegal ya yi Borom Sarret a 1963, La Noire de... a 1966, da Mandabi cikin harshen Wolof a 1968. Nijar tana cikin na gaba-gaba: Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka addabi gari. Oumarou Ganda, tsohon sojan da ya yi yaƙin Indocin, shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame. Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty ya fito a 1973, Yeelen na Souleymane Cissé na Mali ya ci kyautar alƙalai a Cannes a 1987. A Nijeriya, Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano zarensa a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin Berlin na 2018.

Ƙuri'ar manazarta

Ma'aunin da aka fi ambato shi ne ƙuri'ar mujallar Sight and Sound ta Ingila, wadda ake yi duk shekara goma tun 1952. Bicycle Thieves ne ya zo na ɗaya a karon farko. Citizen Kane ya riƙe wurin daga 1962 zuwa 2002, sai a 2012 Vertigo na Hitchcock, wanda bai burge manazarta ba da ya fito a 1958, ya ture shi. A 2022 an faɗaɗa masu jefa ƙuri'a daga 846 zuwa sama da 1,600, sai Jeanne Dielman na Chantal Akerman 'yar Beljiyam, fim na 1975 mai sama da awa uku kan aikin gida na wata mata da mijinta ya mutu, ya zo na ɗaya. Shi ne karo na farko da fim ɗin mace ya hau wannan matsayi, kuma an yi ta muhawara a kai. Fina-finan ba su sauya ba. Masu zaɓen ne suka sauya, da kuma abin da suka samu damar gani. Gidauniyar Film Foundation da Martin Scorsese ya kafa a 1990 ta buɗe wani shiri a 2007 na gyara fina-finan ƙasashen da ba su da ma'ajiya mai ƙarfi, kuma ta wannan hanyar aka gyara Touki Bouki da La Noire de..., waɗanda duka biyun suka shiga cikin ɗari na farko a ƙuri'ar 2022.