Jinya da Gona da Garke: Daga York da Aro zuwa Tsafe

Wanda ya kuɓuta daga hannun ɓarayin daji, jikinsa kan riga zuciyarsa warkewa. Barci ya ƙaurace masa, ƙarar babur ta sa shi zabura, ya daina shiga mutane. A Tsafe da Bungudu, da unguwannin Gusau inda masu gudun hijira suka raɓa, cewa ake tunani ya yi masa yawa. Sai a kai shi wurin malam a yi ruƙiyya, in abin ya faskara a nufi asibitin tarayya na Gusau ko na masu taɓin hankali da ke Kware a jihar Sakkwato. Amma akwai wata jinyar mai dogon tarihi da ba a cika ambato a nan ba: haɗa majinyaci da ƙasa da dabba.

A 1796 William Tuke ya buɗe wani gidan jinya a York ta Ingila, a zamanin da mari da duka ne rabon mai taɓin hankali. Shi kuwa lambu ya tanada, aka saki zomaye da kaji a tsakar gida don majinyata su saba da su. A farkon shekarun 1960 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Boris Levinson, ya rubuta yadda yaron da ya ƙi yi masa magana ya saki jiki da karen masanin. A 2002 kuma jami'ar aikin gona ta Suwidin ta buɗe lambun jinya a Alnarp, inda waɗanda gajiyar zuciya ta raba da aikinsu suka riƙa shafe makonni suna shuka, ma'aikatan lafiya na tare da su.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Dakta Thomas Adeoye Lambo. A 1954 a asibitin Aro, kusa da Abekuta, ya ƙi kulle majinyata. Ya sama musu masauki a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa da ɗan'uwa mai kula da shi. A karɓi magani a asibiti, a koma cikin jama'a a shiga ayyukan ƙauye. Har masu maganin gargajiya ya jawo. Ya fahimci cewa manomi in aka raba shi da aikinsa da danginsa, an ƙara masa wata cutar ce.

Nan ne abin ke ci mini rai game da Zamfara. Tun wajen 2011 da satar shanu ta ta'azzara, abin da aka fara raba mutane da shi ke nan: garke, sannan gona. Matar da ke da awaki a turke tana da dalilin tashi da asuba, tana da abin da ke jiran dusa daga hannunta. A ɗakin aro a Gusau ba ta da ko ɗaya, sai yini da tunani. Manomin gindin dutsen Kwatarkwashi da ba ya iya zuwa gonarsa, ba hatsi kaɗai ya rasa ba.

Kiwo da lambu ba sa maye gurbin likita ko magani, kuma ko a Aro ba a ce haka ba. Sai dai dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta soke tsohuwar dokar 1958, ta buɗe ƙofar jinya a cikin al'umma. Masu rabon awaki ga zawarawa da masu ba da filin noman rani a bakin madatsar ruwan Gusau ya kamata su zauna tebur ɗaya da ma'aikatan lafiya.