Fatoma, Keso da Wapa

Duk wanda ya ce harkar kuɗi ta shigo Kano ne tare da banki bai san fatoma ba. A zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, falke in ya sauka Salaga, gidan fatomansa yake nufa. Shi ne mai masauki, shi ne ma'aji, shi ke haɗa shi da dillali. In mai saye ya ɗauki kaya bashi, fatoma ke tsaya masa. In ya gudu, fatoma ya biya. Ba don kirki kaɗai ba: da zarar labari ya bazu a zango cewa dukiyar baƙo ta salwanta a gidan wane, ayari ba ya sake sauka ƙofarsa.

Wuri ne ya jawo haka, kuɗi mai nauyin tsiya. Da Baturen matafiyi Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ke sayen liyari ɗaya na azurfa. Keso guda, wato buhun wuri, 20,000 ne, kuma sai an zube shi ƙasa an ƙirga biyar-biyar da yatsa. Wa zai laftawa jaki wannan har Gwanja? Gara a tafi da kanwa da baƙin rini, a bar lissafi hannun mai amana.

Turawa suka kawo sule da banki. Har yau ana ba da labarin Alhassan Ɗantata, wanda aka ce ya kai raƙuma ashirin na sulalla ajiya bankin da yanzu ake kira First Bank. Ni dai a ganina an riƙe labarin ne don ba a saba gani ba. Yawancin 'yan kasuwa tsoron riba ya hana su ajiya a banki, suka ci gaba da binne tukunya, mata kuma da adashinsu. Bankin Arewa ya yi zamaninsa, ya narke cikin Unity Bank a 2006. Bankin Jaiz, marar kuɗin ruwa, sai 2012 ya buɗe.

Amma amana irin ta fatoma ba ta mutu ba: ka je Wapa, kasuwar 'yan canji a Fagge, da hantsi. Ɗan kasuwar Kwari zai miƙa wa ɗan canji Naira a jakar Bakko, ba rasit, ba shaida sai Allah. Ɗan canji ya buga waya ɗaya, kafin la'asar mai kaya a Dubai ya ce kuɗi sun shiga.