Howard Cosell da Sunan Muhammad Ali

Lokacin da Cassius Clay ya bayyana musuluntarsa a 1964 ya koma Muhammad Ali, 'yan jaridar Amurka da dama sun ƙi kiransa da sabon sunan. Howard Cosell, Bayahuden lauya da ya koma sharhin wasanni a tashar ABC, bai bi sahunsu ba. Da aka ƙwace kambun Ali a 1967 saboda ya ƙi shiga soja, Cosell ya fito fili ya ce an zalunce shi, wasiƙun zagi kuwa suka yi ta zuwa masa. Akwai shi da surutu da ji da kai, ba na musu. Amma a 1982, da ya ga irin dukan da Larry Holmes ya yi wa Tex Cobb har zagaye 15, sai ya daina sharhin damben ƙwararru.