Zumunta a Ƙafa Take: Tarihin Yadda Mai Zaman Gidan Wani Ke Samun Dangi

A ranar 24 ga Nuwamba, 1969, aka buɗe wata yarjejeniya domin sa hannu a birnin Strasbourg na Faransa, ƙarƙashin Majalisar Turai. Batunta shi ne matasan da ke barin ƙasarsu su zauna a gidan wasu mutane a wata ƙasa, suna rainon yara da ƙananan ayyukan gida, su kuma a ba su ɗaki da abinci da kuɗin kashewa da damar koyon harshe. Da Faransanci ana kiran irin wannan matashiya au pair, ma'ana wadda take daidai da 'yan gida. Yarjejeniyar ta ce shekarunta su kasance tsakanin 17 da 30, aikinta kada ya wuce awa 5 a rana, a ba ta cikakkiyar rana guda ta hutu a kowane mako, a kuma bar ta ta je wurin ibadarta.

Sharaɗin ranar hutu da fita ibada shi ne ya fi jan hankali. Wanda wurin aikinsa shi ne wurin kwanansa ba ya da lokacin tashi daga aiki. Idan ba a ware masa ranar da zai fita ya ga irinsa ba, duniyarsa duka ta koma katanga huɗu da fuskar uwar ɗakinsa. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan matsala, domin ya daɗe yana aika 'ya'yansa gidajen mutane, kusa da nesa. Tarihin kwarin Rima yana nuna yadda aka magance ta a da, yana kuma nuna wadda aka bari a baya a yau.

Hanyar da ta bi ta ƙasar Kabi

A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi. Daga baya sarautar Kabawa ta kafu a Argungu, aka kuma shafe mafi yawan ƙarni na 19 ana gwabzawa tsakaninta da Gwandu da Sakkwato. Duk da wannan yaƙi, fatauci bai tsaya ba. Jega ta zama babbar kasuwa, ayarin fatake na bi ta yankin da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa Bargu har su kai Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau, su komo da goro. Tafiyar watanni ce, kuma ba kowa ke dawowa ba. Wasu sukan yi aure a can, wasu sukan bar yaransu a hannun wani mai gida domin su koyi ciniki ko karatu.

Fitacce daga cikin waɗanda suka zauna shi ne Alhaji Umaru, wanda a rubuce-rubucensa ake yi masa laƙabi da al-Kabawi saboda kakanninsa mutanen Kabi ne. An haife shi a Kano wajajen 1858, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 kuma ya koma Kete Krachi inda ya zama liman. A can ya koyar da ɗalibai, ya rubuta bayanai masu yawa da Hausa kan tarihi da zaman jama'ar ƙasar Hausa. Ya rasu a 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka shirya masa babban su, wanda shi ne tushen bikin kamun kifin da ake yi har yau. Rayuwar malamin ta nuna cewa mutum na iya ƙare kwanakinsa nesa da ƙasar kakanninsa ba tare da ya rasa jama'a ba, muddin akwai wurin da aka tanada domin baƙo.

Zango da mai gida

Wannan wuri shi ne zango. Da farko masaukin ayari ne a bayan gari, daga baya ya zama unguwa mai sarkinta da limaminta da mahautanta da wanzamanta. Bafatake da ya iso yakan sauka gidan wani mai gida, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an shiga bashi ko shari'a. A ƙarƙashin mai gida akwai yaransa, samari da ke kwana a gidan suna yi masa hidima, da fatan wata rana zai yi musu aure ya ba su jari.

Abner Cohen ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ya fitar da littafinsa a 1969. Ya nuna yadda masu gidaje ke riƙon 'ya'yan wasu su tarbiyyantar da su cikin harkar shanu da goro, da yadda shigar ɗariƙar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950 ta sa mazan unguwar ke haɗuwa kullum domin wazifa. Yaron da mai gidansa ya zalunta yana da inda zai kai kuka, domin sahun salla ɗaya suke bi da sauran masu gidaje, kuma sunan mutum shi ne jarinsa. Wanda aka san shi da cin amanar yaransa, fatake ma za su guje shi. Taron yau da kullum shi ne ya hana gidan mai gida zama kurkuku.

Yadda mata suka yi nasu

Mata ba su da sahun masallaci irin na maza, sai suka gina nasu ta hanyar biki da suna. A littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ana ganin yadda mace ke ƙulla ƙawance tun tana yarinya, da yadda gudummawar biki ke zagayawa tsakanin ƙawaye shekara da shekaru. Baba ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi ta aurar da su. Mata sun tafi da wannan al'ada duk inda aka kafa zango. A Sabon Zango na Accra, wanda Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20, mai bincike Deborah Pellow ta tarar da ƙungiyoyin zumunci na mata da ke tara kuɗi su tsaya wa junansu ranar aure ko haihuwa. Adashi ma haka yake: kuɗin da ake zubawa dalili ne na haɗuwa, kuma wadda ba a gani ba sai an aika a ji lafiyarta.

Riƙo yana da nasa zaluncin, kuma tatsuniyoyinmu cike suke da labarin marainiya a hannun kishiyar uwa. Sai dai 'yar riƙo tana zaune ne a cikin dangi. Goggo za ta zo suna ta ga ramarta, kawu zai tambayi dalilin da ya sa ba ta zuwa makarantar allo, da dare kuma akwai dandali inda 'yan mata ke gaɗa. Idanun mutane da yawa suna kanta.

Wadda ba ta da ranar fita

'Yar aiki ta yau ta gaji aikin 'yar riƙo, amma ba ta gaji waɗannan idanu ba. Sau da yawa wata dillaliya ce ke ɗauko ta daga ƙauye ta kai ta gidan da iyayenta ba su taɓa gani ba, a Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Abuja, kuɗin wata kuma ya bi ta hannun dillaliyar. Dokar hana fataucin mutane ta Najeriya ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, amma wadda ta haura haka ma ba kasafai ake yi mata maganar hutu ba. Manyan mata da ke tafiya aikatau Saudiyya sukan shiga tsarin kafala, wanda ke ɗaure izinin zaman ma'aikaci da mai gidan da ya ɗauke shi. Hausawa sun daɗe a Makka da Jidda, amma kasancewar 'yan uwa a gari ba ta amfanar wadda ba ta iya ƙetare ƙofa.

A wasu ƙasashe an ga abin da rana guda ke iya yi. A Hong Kong doka ta ba masu aikin gida hutun kwana ɗaya cikin bakwai, kuma tun shekarun 1980 matan Filifin ke cika tsakiyar birnin kowace Lahadi, su shimfiɗa kwalaye su ci abincin gida tare. A irin wannan zama ne sabuwar zuwa ke jin nawa ya kamata a biya ta, da inda za ta je idan an riƙe mata fasfo. A Amurka, inda aka fara shirin au pair a 1986, an ƙayyade aiki zuwa awa 45 a mako, an kuma wajabta wa jami'in shirin na yankin ya tuntuɓi matashiyar duk wata, kamfanonin da ke kawo su sukan haɗa su taro domin su san juna. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta mai lamba 189 ta 2011, ta ce mai aikin gida na da haƙƙin hutun awa 24 a jere kowane mako.

Abin da Turawa suka rubuta a takarda, fataken Gwanja sun gina shi da masallaci da zaure, matansu kuma da biki da adashi. Sharaɗin dai guda ne, mai zaman gidan wani ya samu wani wuri na biyu da ba mai gidansa ke iko da shi ba. Iyaye a Argungu ko Kamba ko Gulma da za su ba da 'yarsu suna da ikon tambaya, kafin a yi maganar kuɗi, wace rana za ta fita, wace Islamiyya za ta shiga, wane ɗan garinsu ne zai riƙa leƙa ta. Masu ɗaukar 'yan aiki a Birnin Kebbi na iya ba da wannan rana ba tare da jiran doka ba, ƙungiyoyin 'yan gari da ke manyan birane kuma su sa sunayen waɗannan 'yan mata cikin waɗanda ake gayyata taro. Magabata sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar da aka hana fita ba ta sada ta.