Daga yunwar 1914 zuwa teɓar yaran GRA 🧵

1/ Jama'a, a Kano in yaro ya yi ɓul-ɓul sai ka ji ana "tubarkalla, ɗan hutu." Ni a Nassarawa GRA na tashi, wannan yabon na ji shi ya fi a ƙirga. Bari mu bi asalinsa, mu ga abin da ƙibar take yi wa zuciyar yaro.

2/ Kakanninmu suna da dalili. A 1913 zuwa 1914 fari da yunwa sun kashe dubban mutane a ƙasar Kano. Fari ya sake dawowa a 1972 zuwa 1974. Uwar da ta ga wannan, kumatun ɗanta su ne shaidar cewa zai rayu.

3/ Ita kuwa GRA, bayan Turawa sun ci Kano a 1903 suka keɓe wa kansu Nassarawa da Bompai a wajen ganuwa, da manyan filaye da kulob da filin sukuwa. Bayan 1960 manyan ma'aikata da 'yan kasuwa suka gaji gidajen.

4/ Sannu a hankali abinci ya canja. An kafa kamfanin Coca-Cola na Najeriya a 1951, Indomie ta shigo a 1988. Lemo ya ture fura da kunun tsamiya. Ƙaramar kwalba ɗaya tana ɗauke da suga kusan cokalin shayi 9.

5/ Wasa ma ya canja. Yaro na cikin katanga, mota ta kai shi makaranta, ta dawo da shi, sai waya. Langa da ƙwallon layi sun zama labari. Yabon ƙiba kuwa yana nan yadda kakanni suka bar shi.

6/ Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin 100 na 'yan shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce kima. A 2022 sun kai kashi 20, sama da miliyan 390.

7/ Me ƙibar take yi? A farkon shekarun 1970 Dokta Gerald Berenson ya fara bibiyar yaran garin Bogalusa a Amurka. Aka gano kitse na fara taruwa a jijiyoyin jini tun ana yara. Wato ciwon zuciyar ɗan shekara 50 yana iya farawa tun yana firamare.

8/ Kitsen ciki kuma yana sa jiki ya daina jin sinadarin insulin, hanyar ciwon suga kenan. Wata alama: bayan wuyan yaro ya yi baƙi kamar datti, soso ba ya fitar da shi. A daina dirza, a je asibiti.

9/ Ga labari mai daɗi. A 2011 aka fitar da binciken mutum sama da 6,000 daga Amurka, Ostireliya da Finlan. Waɗanda suka yi ƙiba suna yara amma suka rabu da ita kafin su girma, haɗarin ciwon suga da hawan jini a gare su ya yi daidai da na wanda bai taɓa ƙiba ba.

10/ A 2018 Denmak ta ƙara haske da maza sama da 60,000. Mai ƙiba a shekara 7 da ya daidaita kafin 13 ya tsira daga ƙarin haɗarin ciwon suga. Wanda ya tafi da ita har girma, haɗarinsa ya ninka kusan sau 4. Kun ga lokaci na da muhimmanci.

11/ Magani ba hana yaro abinci ba ne, ba kuma zolayarsa da "buhu" ba. Gida gaba ɗaya ke canjawa: ruwa a madadin lemo, wake da ganye su dawo, wasan motsa jiki na minti 60 kullum, isasshen barci.

12/ Gwamnati ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemo a 2022, amma firjin gidanku ba ta da iko da shi. Mu yayye mu ke sayo wa ƙanne lemon nan.

13/ In kana da ƙane ko ƙanwa mai teɓa, ku kai shi a auna nauyi, tsawo, jini da suga. Asibitin Nassarawa na kusa, ga na Malam Aminu Kano. Ku tura wa Umma wannan zaren, cikin ladabi dai 😅 Allah Ya ba mu lafiya.