Sa ɗaya, karsana uku: tsohon lissafin Gaya a kasuwar 'yan wasa

A Gaya ba a koya wa yaro ma'anar musaya, da ita yake tashi. Garin yana bakin kogi, gada ta haɗa shi da Malanville ta ƙasar Benin, hanya kuma ta miƙe gabas zuwa Kamba ta jihar Kebbi. Tun kafin a yi gadar, fataken goro masu zuwa Gwanja suna ƙetare ruwa a wannan yanki na Dandi, gishirin kwarin Fogha kuma yana fita a kan jakuna ya dawo a matsayin hatsi da tufafi. Ba ni gishiri in ba ka manda, a nan sana'a ce ta kaka da kakanni.

Akwai wata musaya da ta fi sauran ciwo, kuma dattawan kara sun san ta. Bayan farin 1973 da na 1984, makiyaya da yawa a Nijar sun wayi gari garkensu ya koma abin da ake ƙirgawa da yatsun hannu ɗaya. Wanda ya tsira da ƙosasshen sa yakan tsaya a tsakanin shawara biyu: ya riƙe shi don shi ne abin nunawa, ko ya kai shi kasuwa ya dawo da karsana biyu ko uku, ko ma awaki, waɗanda ba za su ba shi komai bana ba. Sa ba ya haihuwa. Karsana kuwa tana iya mutuwa kafin damina, tana iya zama juya. Mai sayarwa ya san abin da ya fita hannunsa, abin da ya shigo kuwa sai shekara uku ta faɗa.

Wannan lissafin ne masu ƙungiyoyin wasan besbol na Amurka suka mayar da sana'a, har da sunan da zai ba Bagaye dariya: ƙananan ƙungiyoyin da ake rainon matasa a cikinsu "gona" suke ce musu. Branch Rickey na St. Louis Cardinals ne ya gina tsarin a shekarun 1920, lokacin da ya ga ba zai iya gasar kuɗi da attajiran New York ba, sai ya koma kiwon nasa. A 1926 ƙungiyar ta ci kofin World Series karo na farko.

Kafin nan an riga an ga yadda ake sayar da sa a ci kuɗin. A Disamban 1919 Harry Frazee, mai Boston Red Sox, ya sayar wa New York Yankees da Babe Ruth a kan dala 100,000. Ruth yana da shekara 24, ya yi suna a jifa, ya kuma fara nuna cewa bugunsa ya fi jifar. Ko ɗan wasa ɗaya bai shigo Boston a madadinsa ba. Ƙungiyar da ta ci kofi a 1918 ba ta sake ɗaga shi ba sai 2004.

A besbol mai jifa shi ne sa. Shi ke riƙe da ƙwallo a farkon kowane motsi, gwaninsa kuma ba ya yawa. Amma gwiwar hannu da kafaɗa ba su da alƙawari, kuma doka ta ba ƙungiya ikon riƙe ɗan wasa shekara shida ne a babban rukuni, daga nan ya tafi inda ya ga dama. Ƙungiyar da ta san ba za ta ci komai ba cikin shekara biyu ko uku masu zuwa tana kallon gwaninta kamar yadda makiyayi ke kallon sa a tsakiyar rani: kullum ana ciyar da shi, kullum ranar da zai fi tsada tana wucewa.

Cinikin da ake yawan kafa misali da shi an yi shi ne a watan Yunin 2002. Mark Shapiro na Cleveland ya ba Montreal Expos babban mai jifarsa, Bartolo Colón, ya karɓi wani tsohon hannu da yara uku da yawancin 'yan kallo ba su taɓa jin sunansu ba: Cliff Lee, Grady Sizemore da Brandon Phillips. Magoya baya suka yi ta tsinuwa. Montreal kuwa tana da nata dalilin, don a lokacin ana maganar rushe ƙungiyar gaba ɗaya, wanda kuma ba shi da tabbacin gobe ba ya tattalin maraƙi. Colón ya ci musu wasa 10 a ragowar kakar, ba su kai ko'ina ba, da Janairu suka tura shi Chicago. A 2005 ƙungiyar ta bar Montreal ta koma Washington. Sizemore ya shiga jerin taurarin gasar sau uku a jere, Lee ya karɓi kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa a 2008, Cleveland kuma a 2007 saura wasa ɗaya ta kai World Series. Duk da haka ba ta ci ribar duka ba. Haƙurinta ya ƙare a kan Phillips, ta sallame shi da araha a 2006, ya je ya zama tauraro a Cincinnati.

Wanda ya ɗauka dabarar ba ta faɗuwa, sai ya dubi Chicago White Sox. A Disamban 2016 ta ba Boston Chris Sale, mai shekara 27, ta karɓi matasa huɗu, cikinsu har da Yoán Moncada da Michael Kopech, waɗanda masana suka yi ta yabo. Sale ne ya yi jifar ƙarshe da Boston ta ci kofi da ita a 2018. Chicago ta ɗan farfaɗo a 2021, Kopech ya sha fama da tiyatar gwiwar hannu, Moncada da raunuka. A 2024 ƙungiyar ta sha kashi sau 121 a kaka ɗaya, abin da ba a gani ba tun shigowar ƙarni na 20.

Masu cika gidajen kallon ƙwallo a Gaya ba besbol suke kallo ba, amma sun ga irin wannan ciniki ya ratsa ta kansu, sai dai a ƙwallon ƙafa kuɗi ake karɓa, ba yara ba. Moussa Maazou ya bar ASFAN, ƙungiyar sojojin Nijar, zuwa Lokeren ta Beljiyam a 2008. Shekara guda bayan haka CSKA Mosko ta saye shi kusan euro miliyan 5. Shi ne ya jefa ƙwallon da Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, ta doke Masar da ita a Yamai a 2010, a hanyar zuwanta gasar cin kofin Afirka karo na farko a 2012. Babban kuɗin cinikinsa kuwa a Beljiyam ya sauka, wurin wanda ya yi kiwon wata goma sha wani abu.

Ahmed Musa ma ta Mosko ya bi. Ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, amma aro Pillars ta karɓo shi daga makarantar GBS ta Jos, don haka ko igiyar ba tata ba ce. VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010, ta jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba saboda dokar FIFA da ta hana ƙetarawa da ƙananan yara. CSKA ta saye shi a 2012, Leicester kuma ta biya fam miliyan 16 da ɗoriya a 2016. Daga Venlo zuwa Leicester, duk lokacin da aka sake sayar da shi farashin ya ninka, kuma kowane ninki a Turai aka yi shi. Abin da dokar FIFA ta ware wa waɗanda suka raini ɗan wasa tsakanin shekara 12 da 23 kashi 5 ne cikin 100 na kuɗin ciniki, su raba, shi ma sai wanda ya ajiye takarda ya kuma bi sawu.

A yi wa Pillars adalci: tafiyar Musa ba ta durƙusar da ita ba, ta ci gasar Najeriya sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Amma baitulmalin gwamnatin Kano ne ya riƙe ta, ba ribar ciniki ba, kuma a 2022 ta faɗa rukuni na biyu. Ƙungiyar gwamnati ko ta soja tana rayuwa ne daga kasafi zuwa kasafi, shugabanta na iya sauka kafin yaron da ya ɗauko ya yi gemu. Wa zai sayi karsana don wani ya sha nono?

Inda lissafin makiyayi ya zauna daidai a Afirka ta Yamma, sai an fara gina garke. ASEC Mimosas ta Abidjan ta buɗe makarantarta a 1994, ta fitar da su Kolo da Yaya Touré. Génération Foot ta Dakar ta ƙulla yarjejeniya da Metz ta Faransa, wadda ke zuba kuɗi tana zaɓen farko, ta nan Sadio Mané ya fita a 2011. Su ma rabon da ke zuwa musu ƙarami ne in an gwada da na Turai, amma akwai fili da malamai da 'yan bayan da kuɗin zai faɗa kansu.

Jihar Dosso kuwa, wadda Gaya ke cikinta, babban gwaninta na wannan zamani a filin kokawa yake. Issaka Issaka ya ɗauki takobin ƙasa sau shida, kuma a gasar da aka faro a Tawa a 1975 sunan jiha ɗan kokawa yake ɗauka, babu dillali, babu la'ada. Da aka kawo gasar Dosso a Disamban 2024, Abba Ibro na Tawa ya kayar da shi a karon ƙarshe, a gaban mutanensa.